Motar da Ba Ta Tashi

Tsahara, kore kazar nan daga kujerar gaba,
zo ki zauna.
Kin ce motar ta mutu tun ba a yaye uwarki ba.
Na ji. Ja ƙofar dai a hankali, igiya ce ke riƙe da ita.
Yau za mu bar Tawa, taya ko ɗaya ba ta juya ba.

Irinta muka ɗauka, ni da Ganadi,
shekarar da na gama karatun injuna.
Ta kawunsa ce. Sai da muka dawo muka nemi izini.
Mun fita Mosko da asuba, ganye ya fara ja,
da baƙin burodi,
da kifin da gishirinsa ya fi na Bilma cizo,
da taswira mai ƙarya kamar dillalin shanu.

A Suzdal na yi dariya har ya taka birki.
Bisa kowane ɗakin ibadarsu
albasa ce, jikata, albasa!
Wata shuɗiya, wata ta sha ruwan zinariya,
kamar mutanen Galmi sun yi noma a sama
sun manta ba su ɗebe ba.
Wata tsohuwa ta miƙo mini kokwamba mai tsami,
ta shafa kuncina da yatsa, ta duba yatsan.
Ban ji haushi ba. Na cinye, na miƙa hannu a ƙaro.

Ibanobo garin masaƙa ne,
ba irin ta Malam Gado ba, mai ƙoshiya ɗaya a gindin dogon-yaro.
Ɗaki guda, mata kamar ranar kasuwa,
ƙara ta haɗiye magana, da leɓe suke hira.
Auduga na yawo a iska, tana sauka kan gashin ido.
Na tuna uwata da mazarinta,
wata uku kafin zane ɗaya ya haɗu,
sai na rasa wa zan ji wa tausayi.

A Kostroma muka haye Bolga.
Ni ɗan Adar, da na san ruwa da tsawon igiyar guga,
gaba arba'in kafin ka ji ya taɓa,
na tsaya kan gada ina kallonsa yana wucewa
ba mai gadi, ba mai jiran layi da tulu.
Na sauka na yi alwala.
Yatsuna suka daina zama nawa.

Sai Cerefobets.
Tun daga nesa sama ta yi ja kamar an yanka rana.
Bututu bayan bututu,
ƙarfe na gudu cikin kwata kamar kunun zafi,
mutane ƙanana a gefensa, toka ta rine musu fuska.
Ganadi ya ce, ga ƴan'uwanka.
Wannan karon na ji haushi.
Kilomita sittin ban ce masa uffan ba,
har belin inji ya tsinke a tsakiyar daji.
Shi ya riƙe tocila, ni na ƙulla,
dole aka yi magana.

Na dawo da takarda mai hatimi uku
da mafarkin ganin bututu a bayan garin nan.
Na ɗan taɓa Malbaza, siminti ya zauna mini a ƙirji.
Sauran kin gani da idonki:
baƙin mai, sukurdireba, baburan ƴan kabu-kabu.
Wasiƙar Ganadi ta ƙarshe
ta zo da kan sarkin ƙasar da ba ta nan yanzu.
Na ba da amsa sau biyu.

Wannan gwanjo ce, daga hannun wani likita mai komawa gida.
Ta kai ni Ƙonni, ta kai ni Abalak,
ran nan ta yi tari ta kwanta.
Masu awon ƙarfe sun zo da sikeli har sau huɗu.

Ji, an kira magariba. Mun iso, sauka.
Laluba ƙarƙashin kujera tukuna.
Ƙwai biyu?
Kuɗin mota ne kazar ta biya.
Kai wa kakarki,
kada ki ce mata mun je da nisa.